Aliyu Basha Mubarak: Wanda Ya Tsara Dokar Makarantu A Masar

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda mutanen Masar ke kira uban ilmin zamani a ƙasarsu, watau Aliyu Basha Mubarak.

An haife shi a shekarar 1823 a ƙauyen Birinbal cikin lardin Dakahaliyya. Gidansu gidan malamai ne masu limanci, amma ba su da wadata. Ya fara da karatun allo, sa'an nan aka sa shi aikin taimaka wa magatakarda. A wajen wannan aiki ya ga wani babban ma'aikaci, mutumin Habasha wanda asalinsa bawa ne, manyan gari na tsaye a gabansa da ladabi. Da ya bincika, aka gaya masa makarantar Gwamnati ce ta kai shi wannan matsayi. Tun daga nan ya ƙudura niyyar shiga makaranta, ko da yake mahaifinsa bai so ba.

Ya yi karatu a Kasrul Aini da Abu Za'abal, daga nan ya shiga makarantar injiniyoyi ta Bulak. A 1844 aka tura shi Faransa tare da 'ya'yan gidan Muhammadu Ali, cikinsu har da Isma'ila wanda ya zama sarki daga baya. Bayan komowarsa ya shugabanci makarantar injiniyoyin, amma a zamanin Sa'idu aka raba shi da ita, aka aika da shi Yaƙin Kirimiya. Sai da Isma'ila ya hau gado a 1863 tauraronsa ya haska, har a 1868 aka danƙa masa Ma'aikatar Makarantu.

A lokacin ilmi a Masar kashi biyu ne, ba su ga maciji da juna. Ga makarantun Gwamnati 'yan kaɗan, galibi domin samar da hafsoshi da ma'aikata. Ga kuma makarantun allo birjik a birni da ƙauye, ba mai duba su, ba mai kula da abincin malamansu. Majalisar Shawara da aka kafa a 1866 ta nemi a yaɗa ilmi cikin larduna, Aliyu Mubarak kuwa shi ya jagoranci tsara dokar da aka sani da Dokar Rajab, domin ta ɗauki kwanan watan Rajab na Hijira 1284, aka kuma zartar da ita a 1868.

Dokar ta raba makarantu daraja daraja, daga na ƙauye zuwa na manyan garuruwa. Ta sa makarantun allo a ƙarƙashin duban Gwamnati, aka bar Alƙur'ani a matsayinsa na tushe, aka ƙara lissafi da kula da tsabta da lafiyar yara. Ta kuma shar'anta cancanta ga mai koyarwa. Wajen kuɗi kuwa, ba a ɗora wa baitulmali nauyin duka ba. An dogara ga wakafi, da gudummawar jama'ar larduna, da abin da iyaye masu hali za su biya, 'ya'yan matalauta su yi karatu kyauta. Da yake an haɗa masa da Ma'aikatar Wakafi, ya sami damar karkata dukiyar wakafi zuwa ga makarantu.

Amma doka ba ta koyar da yaro, malami ke koyarwa. Don haka a 1872 ya kafa Darul Ulum, inda ake zaɓo ɗaliban Azhar a ƙara musu lissafi da tarihi da labarin ƙasa da kimiyya a kan Larabci da tafsiri da fiƙihu, su fito su koyar a makarantun Gwamnati. A 1946 aka haɗe ta da jami'ar da yau ake kira Jami'ar Alƙahira. Har wa yau shi ne ya tattaro littattafan da ke warwatse a masallatai da makarantu, aka kafa babban ɗakin littattafan Masar a 1870. A shekarar ce kuma ya fito da mujallar Raudatul Madaris, wadda Shehu Rifa'atu Ɗahɗawi ya shugabanta.

Ba dukan abin da dokar ta nufa aka cim ma ba. Bashi ya yi wa Masar katutu, Ingila ta mamaye ta a 1882, kuɗin ilmi ya ƙaranta. Duk da haka ya sake riƙe Ma'aikatar Ilmi daga 1888 zuwa 1891. Ya kuma bar littafin Al-Hiɗaɗut Taufiƙiyya, juzu'i 20, kan tarihin Alƙahira da garuruwan Masar. Ya rasu a Alƙahira a 1893.

Lalle akwai abin lura ga masu tsara dokar ilmi a duk ƙasar Musulmi. Aliyu Mubarak bai rushe makarantar allo ba, bai kuwa bar ta kara zube ba. Ya nemo mata kuɗi, ya sa mata masu dubawa, ya horar da malamai masu riƙe da ilmin addini da na zamani. Duk dokar da ta rasa waɗannan uku, a takarda za ta ƙare.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ilmin da ya yaɗa ya zama sadaka mai gudana gare shi, amin.