Sigmund Freud: Likitan Da Ya Koyi Sauraron Zuciya

An haifi Sigmund Freud ran 6 ga Mayu, 1856, a garin Freiberg, wanda yau yake cikin ƙasar Cek. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa kuwa ɗan kasuwar ulu ne. Yana ƙarami, mai renonsa 'yar Katolika ce, takan kai shi sujada. A 1860 iyalin suka koma Biyana, babban birnin Ostiriya, inda ya zama likita a 1881.

A wancan zamani akwai masu ciwon da likitoci suka rasa kansa. Wani hannunsa ya shanye, wata muryarta ta ɗauke, amma in an duba jiki ba a ga kome. Freud ya tafi Faris a 1885 ya yi karatu wurin likita Charcot. Da ya dawo, a hankali ya fito da sabuwar hanya: mara lafiya ya kwanta, ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, likita ya kasa kunne.

Abin da ya koyar shi ne, zuciyar mutum tana da zurfin da mai ita ma bai san iyakarsa ba. Baƙin ciki, tsoro da kunyar da aka danne tun ƙuruciya ba su mutuwa, sukan fito ta mafarki, ko tuntuɓen harshe, ko ciwo. Ya ce abu uku suke kokawa cikin mutum: sha'awa, da lamiri mai tsawatawa, da hankali mai neman sulhu tsakaninsu. Littafinsa kan fassarar mafarki ya fito a ƙarshen 1899.

Amma Freud bai ba da gaskiya ga Allah ba. Cikin wani littafi na 1927 ya ɗauki addini a kan mafarkin masu neman uba a sama. Wanda ya amsa masa abokinsa ne, Fasto Oskar Pfister na birnin Zurik a Suwizalan. Faston ya rubuta amsarsa a 1928, aka buga ta a mujallar da Freud ya kafa. Wasiƙa ba ta yanke tsakaninsu ba har kusan shekara 30. Pfister bai bar bangaskiyarsa ba, bai kuma yar da abokinsa ba. Ya ɗauki hanyar sauraro ya yi aikin kiwon tumakin Ubangiji da ita.

Ƙarshen Freud da wahala ya zo. Ciwon daji ya kama muƙamuƙinsa a 1923, aka yi masa fiɗa fiye da sau 30. 'Yan Nazi sun ƙone littattafansa a 1933, a 1938 kuma ya gudu zuwa Landan. Can ya rasu ran 23 ga Satumba, 1939. 'Yan'uwansa mata huɗu sun mutu daga baya a sansanonin Nazi.

Masana yau sun yi watsi da yawancin bayanansa, mu ma ba mu bin ra'ayinsa game da Allah. Amma 'yan'uwa, cikin kowace ikkilisiya akwai mai ɗauke da nauyin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin mu yanke masa hukunci, mu zauna mu ji shi, mu yi addu'a tare, in ciwon ya fi ƙarfinmu mu raka shi wurin likita. Ubangiji ya ba mu kunnen ji.