Jeanette Troup, likitar da zazzaɓin Lassa ya kashe a Jos

Jeanette Troup 'yar Amurka ce, likitar mishan ta SIM da ta daɗe tana aiki a Jos. A Janairun 1969 aka kawo mata Laura Wine, ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa da ke jihar Borno a yau, da wani zazzaɓi marar suna. Wine ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta goge mata baki da yatsan da ƙaya ta soke, ita ma ta bi ta. Troup ce ta binciki gawar Shaw, kuma a Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar.

A farkon 1970 cutar ta ɓarke a asibitin Evangel, wanda mutanen Jos ke kira Jankwano, ta kama majinyata da ma'aikata. Troup ta fi kowa sanin haɗarin, amma ba ta daina binciken gawarwaki ba. Ana cikin haka wuƙa ta yanke ta a yatsa. Rigar kariya da safar hannu suna tare jini da ruwan jiki, ba sa tare kaifi.

Ta rasu ranar 18 ga Fabrairun 1970, aka binne ta a Miango.