Lou Gehrig: Gwanin da Ya Yi Godiya a Bakin Ajali

A ƙasarmu, daga Kutama har Kabo, in kaka ta yi akan taru a dandali kallon dambe da kokawa, makaɗa na wasa duk wanda ya yi kaye. Amma ba kasafai akan tambayi halin gwani ran da ƙarfinsa ya ƙare ba. Tarihin wani Ba'amurke, gwanin ƙwallon sanda da suke kira besbol, ya amsa wannan tambaya.

Shi dai Lou Gehrig an haife shi a birnin New York ran 19 ga Yuni, 1903. Iyayensa talakawa ne 'yan ci-rani daga Jamus, kuma cikin 'ya'yansu huɗu shi kaɗai ya rayu. Ya yi karatu a Jami'ar Columbia, sa'an nan ya shiga ƙungiyar Yankees a 1923. Daga 1925 zuwa 1939 ya buga wasa 2,130 a jere, bai yi fashi ba ko da ciwo ko karayar yatsa. Saboda haka aka yi masa laƙabi da Ingarman Ƙarfe. Sai a 1995 aka sami wanda ya wuce wannan adadi.

Kwatsam sai jiki ya fara ƙi. Ran 2 ga Mayu, 1939, ya janye kansa daga wasa don kada ya zame wa abokansa kaya. Ranar da ya cika shekara 36 likitocin asibitin Mayo suka tabbatar yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi, tsoka ta shanye, hankali kuwa na nan garau.

Ran 4 ga Yuli mutum fiye da 60,000 suka taru don yi masa bankwana. Bai yi ƙorafi ba. Ya gode wa iyayensa da matarsa Eleanor da surukarsa, da abokan wasa, har da masu gyaran fili, ya kuma nuna cewa a ganinsa babu mai rabo irin nasa a duniya.

Daga baya ya yi wa birnin New York aikin duba sha'anin sakin fursunoni, har hannunsa ya kasa riƙe alƙalami. Ya mutu ran 2 ga Yuni, 1941, yana da shekara 37. Cutar ta ɗauki sunansa a Amurka. Ashe ƙarfi aro ne, hali shi ne na mutum.