Andrew Pickens, Dattijon Ekklesiya Mai Yaƙi

A wannan wata za mu ba ku labarin wani dattijon ekklesiya na ƙasar Amurka, manomi ne, mayaƙi ne kuma. Sunansa Andrew Pickens. An haife shi a Pensilbeniya ran 13 ga Satumba, 1739. Iyayensa asalinsu mutanen Sikotilan ne da suka zauna a arewacin Ayalan, suka ƙetare teku neman ƙasar noma. 'Yan Ekklesiyar Presbiteriyan ne, watau ekklesiyar da dattawa zaɓaɓɓu ke riƙe da ita tare da fasto. Daga Pensilbeniya suka gangara Birjiniya, daga can kuma suka kai Karolina wajen 1752.

A shekara ta 1764 Andrew ya koma wani wuri a bakin daji da ake kira Long Cane, kusa da ƙasar kabilar Ceroki, waɗanda su ne masu ƙasar tun asali. Wurin kuwa ba lafiya. A 1760 mayaƙan Ceroki suka fāɗa wa ayarin baƙi masu gudu daga Long Cane, suka kashe mutane da dama, har da wata tsohuwa daga gidan Calhoun. Jikanyarta Rifkatu ta tsira. Ita ce Andrew ya aura a 1765, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya goma sha biyu.

A zamanin nan babu soja mai tsaron ƙauyuka. In hatsari ya taso, sai manoma su ajiye garma su ɗauki bindiga, in ya wuce su koma gona. Cikin irin waɗannan 'yan sa-kai Andrew ya yi girma, har ya zama shugabansu. Mutum ne mai fuska a ɗaure, marar yawan magana.

Sa'anda Amurkawa suka tashi neman 'yanci daga Ingila, ya bi bayansu. Ran 14 ga Fabrairu, 1779, ya ci nasara a Kettle Creek a kan masu goyon bayan Sarkin Ingila, ko da yake sun fi mutanensa yawa. Amma a 1780 birnin Charleston ya fāɗa hannun Ingilishi. Andrew ya ajiye makamai, ya yi alkawari zai zauna gida, su kuma za su tsare shi da iyalinsa.

A nan ne aka gwada shi. Abokansa suka koma daji suna yaƙi, suna bukatarsa ƙwarai, shi kuwa ya zauna wata da watanni, gama ya ba da maganarsa. Sai da 'yan bangaren Sarki suka washe gidansa, sa'an nan ya ga su ne suka fara ta da alkawarin. Ya fita ya sāke ɗaukar bindiga, yana sane in an kama shi rataya ce. Ran 17 ga Janairu, 1781, shi ya shugabanci 'yan sa-kai a yaƙin Cowpens, inda aka fatattaki rundunar Tarleton. Majalisar ƙasa ta ba shi kyautar takobi. A watan Satumba kuma aka yi masa rauni a Eutaw Springs.

Ba za mu ɓoye muku sauran labarin ba. A 1776 da 1782 ya fita yaƙi da Ceroki, aka ƙone garuruwansu, aka karɓe ƙasarsu mai yawa. Yana da bayi kuma suna yi masa noma. Daga baya, a gidansa na Hopewell aka ƙulla sulhu da Ceroki a 1785, amma baƙi suka ci gaba da cin iyaka, sulhun bai tsare masu ƙasar ba.

Ya zauna cikin majalisar Amurka daga 1793 zuwa 1795. Ya taimaka wajen kafa ekklesiya a Hopewell, ya yi mata hidimar dattijo. Ya rasu ran 11 ga Agusta, 1817, aka binne shi a harabar majami'ar dutse da ekklesiyar ta gina, wadda take tsaye har yau. Ɗansa Andrew ya zama gwamnan Karolina ta Kudu a 1816. Jikansa Francis ya zama gwamna a 1860, shekarar da jihar ta balle daga Amurka domin riƙon bauta, yaƙin basasa ya biyo baya.

'Yan'uwa, mu koyi abu biyu. Na fari, alkawari kaya ne, ko ga maƙiyi aka yi shi, kamar yadda Joshuwa ya riƙe rantsuwarsa ga Gibeyonawa. Na biyu, mutum yana iya zama mai aminci cikin sujada, amma idonsa a rufe ga zaluncin da zamaninsa ya saba da shi. Abin da kaka ya ƙyale, jika ya tsaya yana kāre shi, jini mai yawa kuwa ya zuba. Bari dattawanmu su bincike kansu gaban Ubangiji, su ga ko akwai maƙwabcin da muke ci wa iyakar gona, ko ɗan ƙodagon da muke tauye wa hakki, muna kuwa zuwa sujada kowace Lahadi.