Ben Hogan: Ɗan maƙerin da gyaran wuyan hannu ya mayar gwarzon golf

An haifi Ben Hogan ranar 13 ga Agustan 1912 a garin Stephenville da ke jihar Texas ta Amurka. Mahaifinsa maƙeri ne, kuma ya kashe kansa a 1922 lokacin da Ben ke da shekara tara. Yaron ya yi tallan jarida a birnin Fort Worth, daga baya ya koma ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin golf na Glen Garden.

Ya shiga sahun ƙwararru a 1930, amma sai a 1940 ya fara cin gasa shi kaɗai. A tsakanin nan aljihunsa ya ƙare ƙaf fiye da sau ɗaya.

Matsalar tana hannunsa

Abin da ya addabe shi shi ne ƙwallonsa na karkata hagu sosai. Yayin da yake sauko da sanda daga sama, hannun dama yakan riga jikinsa, ya kife a kan na hagu tun kafin a kai ga ƙwallo. Sai fuskar sandar ta rufe, ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa ta saki hanya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya riƙo. Ya ɗan murza hannun hagu zuwa hagu, sannan yana lanƙwasa wuyan hannun idan sanda ta kai ƙololuwa, domin fuskarta ta buɗe. Wajen saukowa kuma ƙugu ne ke fara juyawa. Hannaye ba sa yin komai sai sun iso daidai ƙugu, kuma wuyan hannun hagu ne ke gaba har sanda ta daki ƙwallo. Da haka yake sakin duk ƙarfinsa ba tare da fuskar ta rufe da wuri ba, ƙwallo kuwa ta ɗan karkata dama ta sauka inda ya nufa.

Hatsarin mota

Ranar 2 ga Fabrairun 1949 wata bas ta yi karo da motarsa kusa da Van Horn a Texas. Ya faɗa kan matarsa Valerie don ya kare ta, abin da ya ceci ransa shi ma, domin sitiyari ya soke kujerar direba. Ya samu karaya a ƙugu da ƙashin wuya da idon sawu da haƙarƙari.

Bayan wata 16, da ƙafafu a naɗe da bandeji, ya lashe gasar US Open a filin Merion. A 1953 ya ci Masters da US Open da kuma gasar Open ta Birtaniya a Carnoustie. Jimillar manyan kofunansa tara, gasannin PGA Tour kuma 64.

Ya bayyana dabarar hannun a mujallar Life a 1955, sannan littafinsa Five Lessons ya fito a 1957. Sai dai masu koyarwa na jan kunne cewa maganin cutarsa ce ya haɗa. Wanda ƙwallonsa ke karkata dama tun asali, idan ya kwaikwayi riƙon Hogan, matsalarsa ƙaruwa za ta yi.

Hogan ya mutu a Fort Worth ranar 25 ga Yulin 1997 yana da shekara 84.