Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato (1910–1966)

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Ahmadu Bello a garin Raba, cikin ƙasar Sakkwato, a shekarar 1910. Mahaifinsa, Ibrahim, shi ne Sarkin Raba, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ke nan ta wajen uba jinin Mujaddadi ne, kuma bai taɓa mantawa da wannan nasaba ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu, ya tashi a hannun dangi. Ya fara da karatun allo a Raba, daga nan aka kai shi makarantar lardi ta Sakkwato. A shekarar 1926 aka zaɓe shi ya tafi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina.

A rajistar kwalejin sunansa Ahmadu Raba, ɗalibi mai lamba 87. Al'adar makarantun boko ce a wancan zamani su liƙa wa yaro sunan garinsu, domin a bambance Ahmadun nan da wancan. Ta haka ne sunayen garuruwa irin su Tafawa Ɓalewa da Kaita da Kagara da Shagari suka zama sunayen mutane a bakinmu.

Masu ba da tarihin Sardauna sukan wuce shekarunsa biyar na Katsina cikin layi biyu ko uku, su garzaya ga siyasa. A nan za a ɗan daɗe a kansu, domin mafi yawan mutanen da ya riƙi mulkin Arewa tare da su a can ya san su, tun suna samari masu kwana a makaranta ɗaya.

Kwalejin Katsina

An fara karatu a kwalejin a shekarar 1921, sannan Gwamnan Nijeriya, Sa Hugh Clifford, ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Manufar Turawa ita ce su sami malaman da za su koyar a makarantun larduna ba tare da sun ɗauko su daga Kudu ba. Sun zaɓi Katsina saboda daɗaɗɗen sunanta a fagen ilimi, da kuma nisanta da hanyar jirgin ƙasa, wadda suke ganin ita ke kawo baƙin ɗabi'u. Ginin na ƙasa ne, irin na maginan Hausa. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka duk shekara, daga kowane lardi 'yan ƙalilan, kuma 'ya'yan Musulmi ne, akasarinsu daga gidajen sarauta ko na malamai ko na ma'aikatan En'e. Karatun na shekara biyar ne.

Shekarar ɗalibi takan fara ne tun daga hanya. Tsakanin Sakkwato da Katsina kimanin mil 170 ne, kuma Ahmadu da abokan tafiyarsa a ƙafa suke yin ta, kusan mako guda, su ratsa ƙasar Zamfara, inda dare ya yi musu su nemi masauki. Ɗaliban Bauchi da na Barno tasu tafiyar ta fi haka nisa. Idan hutu ya zo sai a sake bin sawu. Ɗalibin yau da ke gunaguni don motar haya ta ɓata masa awa biyu a tasha, sai ya auna.

A aji da Turanci ake koyarwa: Turancin kansa, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da dabarun koyarwa, ga kuma Larabci da addini a hannun malamai 'yan ƙasa. Abin da kwalejin ta fi shahara da shi shi ne lafazi. Malaman Turawa sun tsananta wajen furuci, ba su yarda yaro ya yi wa kalmar Turanci kwaskwarima irin ta bakin Bahaushe ba, wato ya cusa wasali tsakanin baƙaƙe ko ya ƙara shi a ƙarshen kalma. Mai nazarin harshe ya san wannan ba ƙaramar wahala ba ce, domin tsarin gaɓar Hausa bai yarda baƙaƙe biyu su taru a farkon gaɓa ba. Sakamakon ya fito fili daga baya, lokacin da tsofaffin ɗaliban suka miƙe a majalisa a Ikko suna jawabi, musamman Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Da an fito daga aji kuwa, Babarbare da Banufe da Bafulatanin Adamawa da ɗan Ilori ba su da harshen da ya fi saurin haɗa su kamar Hausa.

A ɗauki shekarar 1928 a duba waɗanda ke cikin makarantar. Ahmadu Raba yana shekararsa ta uku. A gabansa akwai Kashim Ibrahim daga Barno, wanda ya shiga a 1925, saura masa shekara guda ya fita. A bayansa akwai Abubakar Imam da Isa Kaita, waɗanda suka shiga a 1927. Cikin sababbin shiga kuma akwai wani yaro mai sanyin hali daga Bauchi, mai lamba 145, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Aliyu na Bida, wanda daga baya ya zama Makama, bai daɗe da fita ba, ya gama a 1927. Cikin malamansu har da Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam. Ɗalibin Hausa zai lura cewa uku daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wato Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, mutanen wannan makaranta ne suka rubuta su.

Filin Wasa

Turawan da suka koyar a Katsina sun fito ne daga manyan makarantun kwana na Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin wani ɓangare na tarbiyya. Saboda haka da yamma kowa sai ya fita fili. Ana buga kurket da ƙwallon ƙafa, ana guje-guje da tsalle-tsalle. Ahmadu dogo ne ƙaƙƙarfa, ya buga kurket, amma wasan da ya shiga ransa shi ne fayif, har ya zama kyaftin ɗinsa a makarantar.

Da yake ba kowane mai karatu ne ya taɓa ganin wasan ba, ya kamata a ɗan bayyana shi. Asalinsa daga makarantar Eton ne a Ingila, inda yara suka ƙirƙiro shi suna buga ƙwallo a jikin bangon majami'ar makarantar. Filinsa kamar ɗaki ne marar rufi mai bango uku, gaba da dama da hagu, baya a buɗe. A ƙasa akwai ɗan tudu da ya raba filin biyu, a bangon hagu kuma akwai wani ginshiƙi da ya turo ciki, wanda in ƙwallo ta doke shi ba a san inda za ta nufa ba. Mutum huɗu ke bugawa, biyu-biyu, da tafin hannu, dama da hagu. Wani malami, S. J. Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina, shi ya shigo da wasan Arewa a shekarun 1920. A Ingila ƙwallon ƙarama ce mai tauri, har sai an sa safar hannu. A nan kuwa bangon ƙasa bai jure ta ba, sai aka koma ga ƙwallon tanis, kuma da ita ake bugawa har yau.

Abubuwa biyu game da wasan sun cancanci a lura da su. Ba a cin sa da mutum ɗaya, komai gwanintarsa, domin dole ɗaya ya tsaya gaba kusa da bango ɗaya ya tsare baya, kowa ya san ƙwallon da zai bar wa ɗan'uwansa. Sannan bisa asalin dokarsa ba shi da alƙalin wasa. 'Yan wasan ne da kansu ke faɗin gaskiya in ƙwallo ta faɗi sau biyu ko ta fita. Ba lalle ne a ce daga nan Sardauna ya koyi shugabanci ba, don wanda ya tashi a gidan sarauta ba a filin wasa ya fara ganin mulki ba. Amma dai bai rabu da wasan ba har ƙarshen rayuwarsa. Yana Firimiya ma yakan shiga fili da yamma tare da ministoci da ma'aikata, ya kuma ƙarfafa gina filayen fayif a makarantu da garuruwan Arewa. Gasar da ake yi ta wannan wasa da sunan Kofin Sardauna daga wannan ƙauna ta samo suna.

Daga Aji zuwa Mulki

Ya gama a 1931, ya koma Sakkwato yana koyar da Turanci a makarantar Midil. Shekara uku kawai ya yi da alli a hannu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya naɗa shi Sarkin Raba. Da Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu ya nemi gadon sarautar bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku. Sarautar Sardauna da sabon Sarkin Musulmi ya bari ita aka ba shi, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomi 14 na gabashin ƙasar Sakkwato.

A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Matasa 'yan boko na Arewa, waɗanda da yawansu 'yan makarantarsu ne, sun tsaya masa a wannan shari'a, kuma daga nan sunansa ya fara zagaya lardunan da bai taɓa aiki a cikinsu ba.

Ya je Ingila a 1948 nazarin sha'anin ƙananan hukumomi, ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa a 1949. A 1952 ya zama ministan ayyuka a Kaduna. A 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya ƙi yarda a ƙayyade shekara, domin ya san Arewa ba ta da isassun ma'aikatan da za su karɓi ofisoshi daga hannun Turawa. An yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko, abin da ya biyo baya kuma shi ne tarzomar Kano ta watan Mayu na wannan shekara. A 1954 ya zama shugaban jam'iyyar NPC kuma Firimiyan Jihar Arewa. Arewa ta sami mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959.

Yanzu sai a koma ga waccan rajista ta 1928. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya daga 1957, shi kuwa Sardauna ya zaɓi ya zauna a Kaduna, duk da cewa shi ne shugaban jam'iyya. Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Arewa a 1962. Makaman Bida ya riƙe ma'aikatar ilimi sannan ta kuɗi. Isa Kaita ya riƙe ta ayyuka sannan ta ilimi. Abubakar Imam, bayan shekarun da ya yi yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, ya koma hukumar ɗaukar ma'aikata ta Arewa. Makarantar da aka gina don ta samar da malamai sai ta samar da gwamnati, azuzuwan Midil kuma suka yi asarar mafi ƙwarewar malamansu.

Wannan sanayya ta yi amfani. Mutane ne da suka san halin juna tun ƙuruciya, sun san wa ke da zafi wa ke da haƙuri, ba sa buƙatar doguwar takarda kafin su fahimci juna. Da wannan haɗin kai aka yi ayyuka masu yawa cikin shekara goma sha biyu: mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, Yaƙi da Jahilci, masaƙar Kaduna, Bankin Arewa, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya a wannan shekara. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kafin rasuwarsa.

Sai dai zumuncin makaranta ɗaya ƙofarsa ƙarama ce. Kwalejin ba ta ɗauki mata ba, ba ta ɗauki waɗanda ba Musulmi ba a wancan lokaci, ɗan talaka kuma da wuya ya kai gare ta. Sardauna ya yi ƙoƙarin faɗaɗa da'irar, ya jawo mutane irin su Michael Audu Buba cikin majalisar ministocinsa, ya kuma tura samari daga kowane lardi karatu da aikin soja. Duk da haka 'yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da duka a hannun kotuna da 'yan dokan En'e a zamaninsa, ƙasar Tibi kuma ta yi bore a 1960 da 1964. Malamin da zai koyar da tarihin Gamji bai kamata ya ɓoye wa ɗalibansa wannan ɓangare ba.

Rasuwarsa

A daren 15 ga Janairu 1966 wasu sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka far wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A wannan dare kuma aka ɗauke Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Ikko, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta. Allah ya jiƙansu da rahama. Sauran sun yi tsawon rai: Makaman Bida ya rasu a 1980, Abubakar Imam a 1981, Kashim Ibrahim a 1990, Isa Kaita a 1994.

Ita kuwa kwalejin tun 1938 ta tashi daga Katsina zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 aka sa mata suna Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.