Funmilayo Ransome-Kuti: Matar limamin da ta tsaya wa matan kasuwa

An haifi Funmilayo a Abeokuta ranar 25 ga Oktoba, 1900, cikin gidan Kirista na ɗarikar Anglika. Tana cikin 'yan mata na farko da suka shiga makarantar sakandare ta garin, daga nan ta ƙaro ilimi a Ingila, ta dawo ta kama koyarwa. A 1925 ta auri Rabaran Israel Ransome-Kuti, limami kuma malamin makaranta.

Da ta so, da ta yi zamanta cikin rufin asiri. Amma sai ta buɗe ajin yaƙi da jahilci domin matan kasuwa, a nan kuwa ta ji kukansu. Ana ƙwace musu shinkafa da sunan dokar farashi, ana ɗora musu haraji na kansu ban da na mazajensu, masu karɓa suna cin mutuncinsu, ga shi ba su da ko mace ɗaya a majalisar Alake, sarkin da Turawan mulkin mallaka suka damƙa wa dukan iko. Sai ta ajiye tufafin Turawa, ta koma ɗaura zane irin nasu, tana jawabi da Yarbanci.

A 1946 suka kafa Ƙungiyar Matan Abeokuta. Suka rubuta koke, suka ƙi biyan harajin, aka kama waɗansu. A 1947 dubban mata suka kwana a ƙofar fada suna waƙoƙi, ba makami a hannunsu. A 1948 aka janye harajin mata, a Janairun 1949 Alake Ademola na Biyu ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci, mata kuma suka sami kujeru a majalisa.

Mu 'yan Arewa ma muna da rabo a wahalarta. Ta yi ta kira a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976. Gambo Sawaba ta je har Abeokuta ta gana da ita.

Ƙarshenta mai ɗaci ne. A Fabrairun 1977, zamanin mulkin soja, sojoji suka afka wa gidan ɗanta Fela a Legas, suka wurgo ta daga tagar bene tana da shekara 76. Ba ta ƙara samun lafiya ba, ta rasu ranar 13 ga Afrilu, 1978.

Rayuwarta tana tuna mana da Shifra da Fu'a, ungozomomin da suka ji tsoron Allah fiye da Fir'auna. A ikkilisiyoyinmu akwai gwauraye da ake hana wa gādo, da 'yan mata da ake cirewa daga makaranta domin aure. Sau da yawa a Zumuntar Mata ne ake fara jin kukansu. Bari mu da Ubangiji ya ba ilimi ko matsayi mu zauna tare da su, mu saurara, sa'an nan mu raka su zuwa inda za a share musu hawaye.